BABI NA UKU: JIGON CETON DABBOBI A ƘAGAGGUN LABARAN YARA NA INGILA DA AMURKA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi nazarin yadda marubuta ƙagaggun labaran yara na Ingila da Amurka suka sarrafa jigon ceton dabbobi daga zalunci da tarko da tsarewa. Za a fara da kawo taƙaitaccen tarihin samuwar wannan jigo, sannan a dubi yadda aka bayyana tarko, daga nan a duba hanyoyin da taurarin labaran suke bi wajen yin ceto. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, a waɗannan littattafai ɓoye dabba ko ɓata kayan mai zalunci ba ya kammala ceto, jinkiri kawai yake kawowa. Ceto yana tabbata ne idan an fito da maganar fili, jama'a suka gani, kuma mai dabbar ko hukuma suka amince.

Kafin a ci gaba, ya kamata a bambance irin waɗannan labarai da tatsuniyoyin Hausa. A tatsuniya, Gizo da kura da zaki suna ɗauke ne da halayen mutane, wato wayo da haɗama da mulki, kuma darasin da ake koyarwa ya shafi zaman ɗan Adam da ɗan'uwansa. A littattafan da ake nazari kuwa, doki doki ne, mujiya mujiya ce. Ko da marubuci ya ba dabba baki ta yi magana, ciwon da take faɗa ciwon jikinta ne, kuma tambayar da ake yi wa mai karatu ita ce, wane hakki wannan halitta take da shi a kansa.

3.1 Asalin Jigon

Wannan jigo ya taso ne tare da yunƙurin kare dabbobi a Ingila cikin ƙarni na 19. A shekarar 1822 majalisar dokokin Birtaniya ta zartar da dokar hana azabtar da shanu da dawaki da tumaki, wadda ɗan majalisa Richard Martin ya gabatar. A 1824 aka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi a Landan, wadda ta samu amincewar Sarauniya Biktoriya a 1840, ake kiranta RSPCA a taƙaice. A 1875 kuma Catherine Smithies ta fara kafa ƙungiyoyin yara masu suna Bands of Mercy, inda yaro yakan ɗauki alkawarin kyautata wa dabbobi. Ke nan tun kafin littattafan su yawaita an riga an mayar da hankali ga yara, domin an fahimci cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A cikin wannan yanayi ne littafin Black Beauty na Anna Sewell ya fito a 1877. Marubuciyar ta samu rauni a ƙafafunta tun tana yarinya, don haka ta dogara ga keken doki wajen zirga-zirga, ta kuma san halin dawaki sosai. Ta rasu a 1878, watanni kaɗan bayan fitowar littafin. Ba don yara ta rubuta shi ba tun farko, ta nufi masu aiki da dawaki ne, amma daga baya ya zama ɗaya daga cikin fitattun littattafan yara. Dokin ne da kansa yake ba da tarihin rayuwarsa, daga hannun wannan ubangida zuwa wancan. Babban abin da littafin ya soka shi ne wata ragama da masu hali suke ɗaure kan doki da ita ya tsaya sama cak don ƙawa, abin da yake hana shi sunkuyar da kai idan yana jan kaya a kan tudu, ya kuma wahalar da numfashinsa. A 1890 George Angell, wanda ya kafa ƙungiyar kare dabbobi ta jihar Massachusetts, ya buga littafin a Amurka ya rarraba shi da yawa. Ba da jimawa ba Margaret Marshall Saunders ta ƙasar Kanada ta rubuta Beautiful Joe, labarin wani kare da ubangidansa ya yanke wa kunnuwa da wutsiya.

Idan aka lura, a wannan mataki na farko dabba ce mai ba da shaida, manya kuma su ne masu ceto. Aikin mai karatu shi ne ya ji tausayi ya gyara halinsa.

3.2 Yadda Aka Bayyana Tarko

Tarko iri biyu ne suka yi fice a ƙauyukan Ingila. Akwai tarkon ƙarfe mai haƙora wanda yake datse ƙafar dabba ya riƙe ta da rai, wanda aka haramta a Ingila da Wales a 1958. Akwai kuma zargen waya da ake ɗaurewa a jikin turke a kan hanyar da zomo ya saba bi, wanda yake ƙara shaƙe wuya duk lokacin da dabbar ta yi yunƙurin tserewa. Shi wannan na biyu ya daɗe yana halal, sai a 2023 aka haramta shi a Wales, a 2024 kuma a Scotland.

Richard Adams ya yi amfani da zargen waya a littafinsa Watership Down na 1972, wanda ya faro daga labarin da yake ba 'ya'yansa mata biyu a cikin mota. Wasu zomaye da suka baro gidansu sun isa wani ramin zomaye inda kowa ya yi ƙiba, abinci kuma ga shi nan a zube kullum. Ashe wani manomi ne yake zuba musu abincin, ya kewaye wurin da zarge, yana ɗaukar na ɗauka lokaci zuwa lokaci. Zomayen wurin sun san da haka, amma sun yi shiru, har ba sa son a tambayi inda wani ya tafi. Ƙaramin zomo Fiver ya yi gargaɗi ba a saurare shi ba, sai da zarge ya kama ƙaƙƙarfan cikinsu, Bigwig. Abokansa ba su iya tsinka wayar ba, sai suka tone turken suka gutsure shi, ya kuɓuta da ƙyar.

Abin lura a nan shi ne, marubucin bai tsaya ga muguntar manomi ba, domin ba a ma nuna shi a matsayin mugu ba, mai neman abinci ne. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne shirun waɗanda suka san gaskiya. Wannan ya dace da hasashen wannan babi, wato zalunci yana ɗorewa ne a inda ba a maganarsa.

3.3 Yaro a Matsayin Mai Ceto

Daga ƙarshen ƙarni na 20 an samu sauyi, inda yaro ya zama shi ne tauraro mai ɗaukar nauyin ceto. Kyakkyawan misali shi ne Shiloh na Phyllis Reynolds Naylor, wanda ya fito a 1991 ya kuma samu lambar yabo ta Newbery a 1992. Marty Preston yaro ne ɗan shekara 11 daga gidan talakawa a jihar West Virginia. Wani karen farauta ya gudo daga hannun ubangidansa Judd Travers, wanda yake harbinsa da ƙafa yana hana shi abinci. Mahaifin Marty ya sa shi ya mayar da karen, domin a doka kare dukiyar mai shi ce. Da karen ya sake gudowa sai Marty ya ɓoye shi a kan tudu, yana rage abincinsa yana kai masa, yana kuma yi wa iyayensa ƙarya.

Marubuciyar ba ta bar wannan dabara ta yi nasara ba. Wani babban kare ya shiga shingen da dare ya yi wa Shiloh mummunan rauni, dole aka kai shi wurin likita, asiri ya tonu. Daga baya Marty ya ga Judd ya harbe barewa a lokacin da doka ta hana farautarta. Sai suka yi yarjejeniya cewa Marty zai yi shiru, ya kuma yi wa Judd aikin ƙarfi na awa 20 a matsayin kuɗin karen. Ko da Judd ya ce takardar yarjejeniyar ba ta da amfani tun da babu mai shaida, yaron ya ci gaba da zuwa aiki har ya cika alkawari, a ƙarshe Judd ya sallama masa karen.

Wannan ƙarshe yana da daɗi, amma yana da tabo. Shirun da Marty ya yi game da barewa ya ceci kare ɗaya, ya kuma bar sauran dabbobin daji cikin haɗari, kuma yaron da kansa ya gane haka. Ta wannan hanya littafin ya nuna wa yara cewa mai neman alheri yakan tsinci kansa tsakanin gaskiya da tausayi, kuma kowanne ya zaɓa akwai abin da zai rasa.

3.4 Fafutika ta Lumana

Littafin da ya fi fito da wannan ɓangare fili shi ne Hoot na Carl Hiaasen, ɗan jarida daga jihar Filorida, wanda aka buga a 2002. Wani kamfanin sayar da fanke yana son gina sabon reshe a kan wani fili inda wasu ƙananan mujiyoyi suke zaune a cikin ramukan ƙasa. Doka ta ba irin wannan tsuntsu kariya, amma wakilan kamfanin suka dage cewa babu mujiya a wurin.

Marubucin ya ajiye yara biyu masu hanyoyi daban-daban. Na farko, wanda ake yi wa laƙabi da Mullet Fingers, yakan shiga filin da dare ya tuge turakun safiyo, ya saka kadoji a makewayin ma'aikata, ya kuma saki macizai don korar karnukan gadi. Waɗannan ayyuka sun jinkirta ginin, amma sun jawo ƙarin tsaro, shi kansa yaron kare ya cije shi. Na biyu, Roy Eberhardt, ya nemi shawarar mahaifinsa, ya tafi ofishin hukumar gari don duba fayil ɗin izinin ginin, amma bai same shi ba. Ya kai maganar gaban 'yan ajinsu. Ranar bikin aza harsashi, ɗalibai suka zo suka riƙe hannuwan juna suka kewaye ramukan a gaban 'yan jarida, mujiya kuma ta fito kowa ya gan ta. Daga baya aka gano an ɓoye rahoton nazarin illar da aikin zai yi wa muhalli da gangan, aka fasa ginin.

Ke nan marubucin bai la'anci yaro na farko ba, domin ba don jinkirin da ya kawo ba da katafila ta riga ta rufe ramukan. Sai dai bai ba shi nasarar ba. Abin da ya tsayar da kamfanin shi ne takarda da taron jama'a da idon 'yan jarida. Ga mai karatu Bahaushe akwai ƙarin abin lura, domin a al'adance ana camfa mujiya, amma a nan ita ce abar tausayi, wanda ya nuna cewa hakkin dabba bai dogara ga farin jininta ba.

Haka abin yake a The One and Only Ivan na Katherine Applegate, wanda ya fito a 2012 ya samu lambar Newbery a 2013. An gina shi ne a kan tarihin wani goggon biri na gaske mai suna Ivan, wanda aka kamo daga Kwango yana jariri, ya yi shekara 27 a tsare a wata cibiyar kasuwanci a garin Tacoma. Bayan matsin lambar masu kare dabbobi aka mayar da shi gidan namun daji na Atlanta a 1994, inda ya mutu a 2012. A cikin labarin, Ivan ya yi wa wata tsohuwar giwa alkawarin ceton 'yar giwa Ruby. Duk da ƙarfinsa bai fasa keji ba. Zane ya yi ta yi, wata yarinya mai suna Julia da mahaifinta suka haɗa zanen suka liƙa a allon talla, jama'a suka yi zanga-zanga, hukuma ta sa baki. Sai dai an lura cewa Ivan bai koma dajin da aka ɗauko shi ba, gidan namun daji aka kai shi, domin dabbar da ta tashi a hannun mutane ba ta iya rayuwar daji.

3.5 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda jigon ceton dabbobi ya taso daga dokin da yake kai kukansa ga manya a 1877, zuwa yaran da suke tsayawa da kansu a gaban kamfani a 2002. An ga cewa ɓoyewa da ɓarna ba su taɓa zama mafita ta ƙarshe ba a littattafan da aka duba, sai aiki da haƙuri da neman hujja da tara jama'a. An kuma ga cewa marubutan ba su ɓoye wa yara cewa nasarar takan zo da gibi ba, kamar shirun Marty da kuma makomar Ivan. A babi na gaba za a dubi salo da sarrafa harshe, musamman dabarar ba dabba bakin magana.