Dashen gashi da kitson ɗiyanmu: saiwa ita ce jari



Kwanan nan ana ta yawo da bidiyo a salula na masu sanƙo da suka tafi Istambul, ƙasar Turkiyya, aka dasa musu gashi. Samarinmu da ke biɗa a Abijan da Libiya ne ke turo su. Har a wurin zubi nan Tebaram mata na tambaya: wai da gaske ne? In gaban goshi ya cinye, ana iya maido shi?

Da gaske ne, kuma ba sabon abu ba ne. Wani lokotoro ɗan Japan mai suna Okuda ya yi rubutu a kansa tun 1939. Amma ku gane, ba a ƙirƙiro sabon gashi. Daga ƙeyar mutum ake cire saiwar gashinsa ɗaya bayan ɗaya, a kafa ta inda ya zube, kamar yadda muke dashen albasa a garka. Abin da aka cire daga ƙeya ba ya sake tsirowa a can. Kuɗin aikin kan kai miliyan guda na sefa ko fiye.

Bayan aikin kuma sai jinya. Kwanakin farko ba a taɓa wurin, ba a susa, ba a shiga rana, barci ma da kai a ɗage. Wanki sai a hankali, ruwa ake zubawa ba tare da cuɗa ba. Ɓawon ƙananan miyakun yakan faɗi cikin kwana 10 zuwa 14. Cikin makonnin da ke biye gashin da aka dasa yakan zube, saiwar ta rage a cikin fata. Sabon tsiro sai bayan wata 3 ko 4, cikar aiki kuwa kusan shekara. Mai fatar da ke yin tudun tabo in ta ji ciwo, dole ta faɗa wa lokotoro tun kafin a fara.

To, dubi wahalar da ake sha a kan saiwa ƴar ƙarama. Mu kuwa Allah Ya ba mu kusan 100,000 a kai kyauta. Kamar akwatin asusu ne: gashin da ke bin mataji riba ce, 50 zuwa 100 a rana ba komai ba ne, zai dawo. Saiwa ita ce jari. In ta mutu, wurin ya yi sumul yana ƙyalli, babu man kasuwa da zai tashe ta.

Me ke cin jarin nan a gidajenmu?

Na farko, kitso mai tsauri. In yarinya ta kasa barci daren kitso, ko ƙananan ƙuraje suka feso a bakin goshi, saiwa ce ke kuka. Mesh mai nauyi ya fi ɓarna. Da fari gashin na dawowa in an sassauta, amma in aka shekara da shekaru ana ja, sai ya tafi ke nan. Yarinya ƴar shekara 7 da ake ɗaure wa kai tamau, ita ce amaryar da za ta riƙa jawo kallabi har gira don kunya.

Na biyu, man miƙar da gashi. In yana zafi, fata yake ƙonawa. Kada a shafa shi a kan da ke da miki, kada a sa wa yara, kada kuma a bi shi da kitso mai ƙarfi a mako guda.

Na uku, makero. Cuta ce mai yaɗuwa ta mataji, hula, matashi da askar da aka yi wa yara da yawa aski da ita. Shafe-shafe kaɗai ba ya kashe ta, sai an sha magani na makonni. A kai yaro likita, kada a goga masa toka ko ruwan batir. In ya yi ƙari da mugunya aka ƙyale, tabon ba ya fitar da gashi.

Akwai kuma zubar da ba ta tayar da hankali ba. Mai jego takan ga gashi na zuba wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa, yakan kuma dawo da kansa kafin yaye. Haka bayan zazzaɓi mai tsanani. Amma in akwai jiri, kasala da farin ido, a je a auna jini, don ƙarancin jini ma na zubar da gashi. Wake, zogale, hanta da ƙwai sun fi kwalbar mai amfani.

Tun da aka soma Mata Masu Dubara a yankin Maradi a 1991, abin da muka koya shi ne kada a ci jari. Ga abin da kowace ƙungiya za ta iya ɗauka:

Masu sana'ar kitso a cikinmu su bar gashin bakin goshi sakwa-sakwa, su wanke mataji da sabulu tsakanin kai da kai. Uwa kuma ta daina cewa "ja da kyau ya daɗe". Gara a biya kitso sau biyu.

A kwance kitso a bar kai ya huta ƴan kwanaki kafin wani. Ko ruwa na wuya, a wanke kai kowane mako ko biyu, a bari ya bushe kafin a ɗaura kallabi. Lokacin hunturu a shafa man kaɗe kaɗan.

Kafin ki kashe kuɗin rabo a kan man "tsirar da gashi", je likita a duba kan. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ki babbar likitar Tahoua.

Ranar zubi mai zuwa, kowace ta duba goshin ɗiyarta kafin ta fito, mu tattauna abin da muka gani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba mu lafiya, Ya sa albarka a asusunmu.