Tasirin Al'ada da Hukuma a kan Sababbin Sana'o'i: Misali daga Dutsin-Ma da Kurfi

Manufar wannan takarda ita ce mu nuna cewa sabuwar dabarar neman kuɗi takan karɓu ne idan ta sami abu biyu, watau amincewar jama'a da kuma tsarin hukuma wanda ya dace da zamansu. Za mu ɗauko misalanmu daga ƙasar Dutsin-Ma da ta Kurfi.

Da farko mu dubi madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa domin noman rani da ruwan sha. A ƙarshen shekarar soja suka hamɓarar da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, aka yi shekaru masu yawa ruwa yana kwance ba a gama hanyoyin kai shi gonaki ba. Manomin da ya so ya sayi injin ban ruwa da kansa kuwa, sai ya ci karo da banki. Dokar Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, banki kuma takardar mallaka yake nema jingina, alhali gonar gado shaidarta mai unguwa ne da dagaci. Ga kuma kuɗin ruwa, wanda addinin Musulunci ya haramta. Saboda haka manomi ya koma ga adashi da rancen 'yan'uwa, waɗanda jarinsu bai taka kara ya karya ba.

Misali na biyu shi ne sana'ar POS. A 2013 Babban Bankin Nijeriya ya ba da izinin bankuna su naɗa wakilai a cikin jama'a. Wakilin nan ɗan gari ne, an san gidansu, matsayinsa kamar na dillali a kara: ana miƙa masa dukiya domin an san inda za a same shi. Doka ta buɗe ƙofa, amana ta kawo masu ciniki, har sana'ar ta shiga kasuwannin ƙauye.

Amma duk da haka, a watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, cikinsu har da Dutsin-Ma da Kurfi. Na'urar ba ta aiki sai da layi, don haka sana'ar ta tsaya cik na tsawon watanni, ko da yake amanar jama'a tana nan yadda take.

Daga ƙarshe muna ba da shawara ga masana, musamman na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma wadda aka kafa a 2011, su binciko hanyar da banki zai karɓi shaidar dagaci da ta 'yan adashi a madadin takardar fili, ya ba manomi jari ba tare da kuɗin ruwa ba.