Kallon ƙwallo a waya: Lissafin da ya kamata matasan Gwarzo da Kabo su yi kafin su bar gidan kallo

A Gwarzo da Kabo, da yammacin Asabar a lokacin gasar Firimiya, gidan kallo ne matattarar matasa: benci, janareta da dish ɗin DStv a kan rufi. Amma yanzu ana ƙara ganin masu zama a ƙofar gida, waya a hannu, suna kallon wasan Arsenal ko Manchester United ta intanet.

Tsadar dish na daga cikin abin da ya jawo haka. A watan Maris na 2025 kamfanin MultiChoice ya ƙara kuɗin DStv Compact daga naira 15,700 zuwa 19,000 a wata, ban da kuɗin dikoda da na mai ɗaurawa. Tun a watan Fabrairun 2024 kuma kamfanin ya fito da tsarin Showmax na kallon Firimiya a waya kaɗai, a kan kuɗin da bai kai kwata na Compact ba. Akwai kuma DStv Stream, wanda ke kawo tashoshin SuperSport ba tare da dish ba.

Inda kuɗin ke zurarewa

Kuɗin rajista ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Wasa ɗaya, haɗe da hutun rabin lokaci, yana cin kusan awa 2. A matsakaicin hoto zai iya lashe data kimanin 1GB, idan kuwa ka sa HD sai ya ninka hakan. Mai kallon wasa 8 a wata ke nan yana buƙatar aƙalla 8GB na ƙwallo zalla. Ga shi kuma a watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100.

Sai batun sabis. Wanda ke cikin garin Gwarzo ko Kabo zai iya samun 4G, amma da ya nausa ƙauye sai hoto ya fara tsayawa. Ko sabis na da kyau, hoton intanet yakan yi jinkirin daƙiƙoƙi a bayan na dish, don haka za ka iya jin ihun 'yan gidan kallo kafin ƙwallon ta shiga raga a wayarka. Ga batir, wanda awa 2 na bidiyo kan rage sosai a inda wutar KEDCO ba ta da tabbas.

Abin da za ka yi

Gwada layinka a daidai inda za ka zauna, da daddare, lokacin da mutane suka fi yawa a kan sabis. Rage hoto zuwa 480p, domin a ƙaramin allo bambancin ba shi da yawa. Duba gasar da tsarin ya ƙunsa kafin ka biya, saboda na Firimiya ba lallai ya haɗa da Gasar Zakarun Turai ba. Ka kuma guji linkin kyauta da ake yaɗawa a Telegram da WhatsApp: yawancinsu cike suke da tallan caca da manhajojin da kan saci bayanan waya, har da na banki.

Idan wasan ƙungiyarka kaɗai kake kallo a mako, gidan kallo ya fi sauƙi. Waya ta fi dacewa da mai shago, da ɗalibi, da mata masu son ƙwallo da ba sa zuwa gidan kallo.