Albashin Takarda da na Aljihu: Lissafin Ma'aikacin Ƙarfe da Lantarki

Duk wanda ya bi hanyar Daura zuwa Kongolam a 'yan shekarun nan ya san ƙarfe ya yi kasuwa. Ga aikin faɗaɗa titin da ya taso daga Kano ya ratsa Kazaure da Daura har bakin iyaka, ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, wanda kamfanin Mota-Engil ke shimfiɗawa. Samarin da suka koyi walda ko wayarin a shagunan bakin titi, da waɗanda suka fito daga kwalejin fasaha ta tarayya da ke Daura, yanzu idonsu na kan aikin kamfani. In ɗayansu ya dace ya dawo da takardar ɗaukar aiki, tambaya ɗaya ake tarbarsa da ita: "To, nawa za su riƙa ba ka?" Ya ce, "Baba, sun ce dubu ɗari da hamsin." A yi hamdala, a fara ƙidayar buhun gero da kuɗin makarantar ƙanne. Ƙarshen wata alat ya shigo, a ga abin bai kai 130,000 ba, sai zargi ya tashi: ko kamfanin ya yi ha'inci, ko yaron ya fara ɓoye hannu.

Sau da yawa babu wanda ya cuci wani. Mutumin da ya je kasuwar Mai'aduwa aka faɗa masa kuɗin buhu, ba ya zaro kuɗi sai ya ji tiya nawa ce a ciki. Amma a kan albashi, wanda shi zai ci da gida shekara da shekaru, mukan karɓi lamba guda mu kama gabanmu.

A manyan masana'antun ƙarfe da na lantarki ba a yanke albashi tsakanin manaja da mai neman aiki. Ƙungiyar ƙwadago ce ke zama da masu kamfani, a yi tayi, a ce albarka, a tashi baram-baram, a sake zama, har a sallama. Abin da aka sa wa hannu shi ne yarjejeniyar bai-ɗaya, kuma ta hau kan kowane ma'aikacin da ke ƙarƙashinta, ko ya taɓa ganinta ko bai taɓa ba. Tsarin sana'a ɗaya ƙungiya ɗaya ya kafu ne a 1978, lokacin da gwamnatin soja ta Obasanjo ta haɗe ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi ta mai da su 42 a ƙarƙashin NLC. A yau masu aikin ƙarfe da ƙere-ƙere na da SEWUN, ma'aikatan wutar lantarki kuma na da NUEE. Jiharmu ta Katsina ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Kamfanin mulmula ƙarfe na Katsina an buɗe shi a 1982, zamanin Shagari, ya koma hannun kamfanin Dana a 2006. KEDCO, mai raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, ya karɓi ragama a Nuwamban 2013 bayan an cefanar da PHCN.

Dalilin da ya sa yarjejeniyar ta zama abin nema shi ne, Dokar Ƙwadago ba ta faɗi nawa za a biya mai walda ba. Ta ba ma'aikaci hutun kwana 6 da biya bayan ya cika shekara, da kwana 12 na jinya, amma awannin aiki da kuɗin ƙarin awa ta bar su ga abin da aka daidaita. Naira 70,000 da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yulin 2024 kuwa iyaka ce ta ƙasa, ba farashin ƙwarewa ba.

Farkon lissafi shi ne mutum ya san inda aka ajiye shi a jadawali. Kowace yarjejeniya na da rukuni-rukuni, daga lebura zuwa mai taimakon gwani, zuwa gwanin kansa, zuwa shugaban leburori, kuma a cikin kowane rukuni akwai matakai da ake hawa da daɗewa a aiki. A nan takarda na da baki. Matashin da ya shekara bakwai yana ƙona waya a shagon maigidansa, in ba shi da shaidar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, mai daraja ta uku, ta biyu da ta ɗaya, yana iya samun kansa a rukunin masu miƙo guduma. A ganina, ranar da aka rubuta wa mutum rukuninsa ta fi ranar ƙarin albashi muhimmanci, domin duk wani ƙari da zai zo daga baya a kan wannan tushe za a ɗora shi.

Bari mu yi lissafin da misali. Lambobin nawa ne, na ƙirƙiro su don fahimta kawai. Mu ce 150,000 ɗin nan an rarraba ta haka: gundarin albashi 75,000, kuɗin gida 30,000, na mota 20,000, na abinci 15,000, alawus na haɗarin aiki 10,000. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire wa ma'aikaci kashi 8 cikin ɗari, kamfani ya ƙara kashi 10, kuma abin da za a lissafa a kai kada ya gaza gundari da kuɗin gida da na mota. Ukun nan sun tashi 125,000, ke nan 10,000 ta tafi asusun fansho. Kamfani zai zuba tasa 12,500 a can, kuɗin yaron ne, sai dai ba zai taɓa su yau ba. Sai haraji. A sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 ta farko a shekara ba ta da haraji, miliyan 2.2 da ke bin ta kuma kashi 15 ne. Albashin shekara 1,800,000 ne. Cire fansho 120,000, cire 800,000, saura 880,000. Kashi 15 nata 132,000 ne, wato 11,000 a wata, kuma zai iya raguwa in mutum ya gabatar da shaidar biyan haya. Ƙungiya ma na da kuɗinta na wata da ake cirewa tun daga tushe, mu ce 1,500. Abin da zai shigo waya 127,500 ne. Babu sisin da aka sace.

Yanzu ga inda wayon yake. A ce wani kamfani ya yi tayin 150,000 ɗin daidai, amma gundarinsa 40,000 ne, sauran duk alawus mai suna iri-iri. A ido ɗaya suke. Sai dai a wurare da dama kuɗin ƙarin awa, da na hutu, da garatuti, daga gundari ake fitar da su. Ɗauki kwana 22 na aiki, awa 8 kullum, awa 176 ke nan a wata. Mai gundarin 75,000 awarsa ta kama naira 426. In yarjejeniya ta ce awar ƙari ɗaya da rabi ce, ta zama 639, awa 20 kuma ta ba shi kusan 12,800. Mai gundarin 40,000 ya yi awa 20 ɗin a gaban tanderu ɗaya, zufa ɗaya, ya tashi da 6,800 da 'yan kai. Bambancin nan ba ya fitowa a ranar ɗaukar aiki. Sai an shekara goma, an zo sallama, sannan ake riƙe baki.

Haka ma in aka ji a rediyo cewa ƙungiya ta ciwo ƙarin kashi 20. Kashi 20 na me? In na gundari ne, a misalinmu 15,000 ce, wato kashi 10 kacal na jimillar albashi, kuma fansho da haraji za su gutsuri nasu. A kuma duba ranar da ƙarin ya fara aiki. In an sa hannu a Yuni amma aka ce daga Janairu ne, akwai ariyas na wata biyar. Shi ariyas sau ɗaya yake zuwa, kuma ya sha sa mutane sun ɗauki bashin babur da zaton haka alat zai ci gaba da nauyi.

Wanda ke son ganin wannan tsari a inda ya nuna sosai, ya dubi Jamus. Ƙungiyar IG Metall, da aka kafa a 1949, ita ke ciniki da masu masana'antun ƙarfe da lantarki a madadin ma'aikata kusan miliyan 3.9, yanki-yanki. A jihar Baden-Württemberg, gidan Mercedes da Bosch, rukunan albashi 17 ne. A Bavariya 12. Rukunin yana bin nauyin aikin da mutum ke yi ne, ba takardar da ya ajiye a akwati ba. Makon aiki a yammacin ƙasar awa 35 ne, abin da suka soma kokawa a kansa da yajin aikin mako bakwai a 1984, ya tabbata a 1995, ga hutun kwana 30. A yarjejeniyar Nuwamban 2024 an amince da ƙarin kashi 2 daga Afrilun 2025, da kashi 3.1 daga Afrilun 2026, da yuro 600 a dunƙule sau ɗaya. Abin da ya fi burge ni ba yawan kuɗin ba ne. Jadawalin a fili yake: ɗan koyo zai buɗe wayarsa, ya zaɓi yankinsa da rukuninsa, ya ga albashinsa har kwabo kafin ya taka ƙofar kamfani. A nan kuwa akwai wanda zai yi ritaya bai taɓa riƙe kwafen yarjejeniyar da ake biyansa da ita ba, kuma laifin nan shugabannin ƙungiya na da kaso a ciki, ba masu kamfani kaɗai ba.

Kada kashi 2 na Jamus ya ba mu dariya. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disamban 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8. Ƙarin kashi 20 a irin wannan shekara ragi ne da aka yi wa kwalliya. Naira 30,000 ta 2019 ta haura dala 80. Naira 70,000 ta 2024 ba ta kai dala 50 ba. Mutanen Kongolam ba sa buƙatar a yi musu wannan bayani, su da ke ganin yadda naira ke zama a gaban sefa wajen 'yan canji. Saboda haka tsawon wa'adin yarjejeniya ma lissafi ne: wadda aka ɗaure shekara uku ba tare da ƙofar sake zama ba, ma'aikaci ne zai ɗauki asararta.

Duk wannan bayani ba kowa ya shafa ba. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka kusan duk shagunan walda daga Daura zuwa bakin iyaka suna wajenta. Can jinga ce da abin da maigida ya ga dama. A cikin manyan kamfanoni ma akwai 'yan kwantiragi da wani kamfanin daban ya ɗauko, suna hawa turke ɗaya da ma'aikacin dindindin, amma yarjejeniyar ba ta san da su ba. Mai neman aiki ya duba sunan da ke saman takardarsa: na kamfanin da zai yi wa aiki ne, ko na dillalin ma'aikata?

Ko ga wanda ke ciki, da sauran taka-tsantsan. Shekaru da dama kotunan Najeriya na kallon yarjejeniyar bai-ɗaya a matsayin alkawarin mutunci, ba sa tilasta ta sai an shigar da ita cikin takardar aikin mutum. Gyara na uku da aka yi wa kundin tsarin mulki a 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kano, ikon fassara irin waɗannan yarjejeniyoyi, abin ya yi sauƙi. Duk da haka, doka ta wajabta wa kamfani ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. In takardar ta zo, a nemi layin da ya ce albashi da alawus za su bi yarjejeniyar da ke tsakanin kamfani da ƙungiya. In babu shi, a je wurin sakataren reshe a tambaya, a kuma roƙi kwafen jadawalin mai ɗauke da kwanan wata da sa hannun ɓangarorin biyu.