Na'urar da ke auna ruwa cikin tiyo

Gure gari ne na jihar Damagaram. Yana gabas da birnin Damagaram, a kan hanyar Difa, cikin ƙasar Muniyo mai duwatsu da tuddan rairayi. Damina gajera ce a nan, ruwan sama kuma kaɗan ne. Saboda haka ruwan sha abu ne mai daraja ƙwarai.

Ruwan famfo daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa. Inji yana tura shi cikin tiyo zuwa babban tanki, wanda ake ce ma shato. Daga shato sai ya gangara zuwa unguwanni. Amma in tiyo ya tsage a ƙarƙashin rairayi, ruwa sai ya yi ta tsiyaya, ba wanda ya gani. Mata da yara su jera bido a bakin famfo, su yi ta jira. Yaya ma'aikacin ruwa zai gane inda ruwan yake ɓacewa?

A da, sai an tsai da ruwa, an yanke tiyo, sannan a sa abin awo a ciki. A shekarun 1960, a ƙasar Japan, aka fara sayar da wata na'ura wadda ke auna ruwa daga waje. Irin ta yanzu ƙarama ce, mutum yana ɗaukarta a hannu. Tana da kawuna biyu da ake ɗaura ma tiyo, ɗaya gaba, ɗaya baya.

Da sauti na'urar take aiki. Sautin siriri ne ƙwarai, kunnen mutum ba ya jinsa. Da irinsa ne jemage yake gane hanya cikin duhu. A cikin iska sauti yana yin mita 340 a daƙiƙa ɗaya. A cikin ruwa kuwa yana yin kusan mita 1500.

Ga yadda awon yake. Mai keke, in iskar hunturu tana bayansa, da sauri yake isa kasuwa. In ya juyo yana fuskantar iskar, sai ya daɗe a hanya. Haka sauti yake cikin tiyo. Kan farko ya aika ma na biyu sauti, na biyu ya mayar. Sautin da ya bi ruwa ya fi wanda ya yi gaba da ruwa saurin isa. Na'urar tana auna bambancin lokacin nan, ta san saurin ruwan. Da yake an gaya mata faɗin tiyon, sai ta lissafa yawan lita.

Misali, tiyo mai faɗin santimita 10 a ciki, in ruwansa yana yin mita 1 a daƙiƙa, yana wuce da kusan lita 8 kowace daƙiƙa.

Aikin yana son kula. Ma'aikaci yana zaɓen wurin da tiyo ya miƙe. Ya goge tsatsa da ƙura. Ya shafa ma kawunan wani mai mai kauri, don kada iska ta shiga tsakaninsu da tiyo. Dole kuma tiyon ya kasance cike da ruwa.

Sai ya auna kusa da shato, ya sake aunawa a bakin unguwa. In lita 8 ke shiga, lita 6 ke fita, kuma babu famfo a tsakani, to tiyo ya tsage ke nan. A tsakanin nan za a tona, a gyara.

Tambayoyi

1. Don mi ruwa yake da daraja a Gure?
2. Wane sauti ne ya fi saurin isa cikin tiyo?
3. Lita 8 na fita a daƙiƙa ɗaya. A daƙiƙa nawa tano mai lita 200 zai cika?
4. In lita 2 na zubewa kowace daƙiƙa, lita nawa aka yi hasara a awa ɗaya?