Alamomin Musayar Jama'a ta 1923 a Garuruwan Turkiyya da Girka

Garin Ayvalik yana bakin tekun Ejiyan a yammacin ƙasar Turkiyya, yana fuskantar tsibirin Lesbos na ƙasar Girka. Baƙon da ya zaga tsohuwar unguwar garin zai tarar da masallatai waɗanda fasalin gininsu ba irin na masallaci ba ne. Masallacin Saatli, alal misali, asalinsa coci ne, daga baya aka kafa masa hasumiya. Idan kuwa baƙon ya shiga jirgin ruwa ya haye Lesbos, sai ya ga akasin haka: a birnin Mitilini akwai masallacin da aka gina a 1825, yana nan tsaye amma an daɗe da daina salla a cikinsa.

Tushen wannan al'amari shi ne yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka ƙulla a birnin Lozan ranar 30 ga Janairu, 1923, bayan yaƙin da suka gwabza daga 1919 zuwa 1922. An tilasta musayar jama'a. Kiristoci 'yan ɗariƙar Otodoks fiye da miliyan ɗaya suka tabbata a Girka, mafi yawansu ma sun riga sun tsere tun lokacin yaƙin, sannan Musulmi kimanin 400,000 suka koma Turkiyya.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, da addini aka auna mutane, ba da harshen da suke magana da shi ba. A tsakiyar Anatoliya akwai Kiristocin da ake kira Karamanli, waɗanda Turkanci ne harshensu na gado, sai dai da haruffan Girkanci suke rubuta shi, kwatankwacin yadda Bahaushe ya ari haruffan Larabci ya yi ajami. Aka kwashe su zuwa Girka, da yawansu ba su jin harshen ƙasar da aka ce tasu ce. Haka nan Musulmin tsibirin Kirit: Girkanci suka tashi da shi, aka zaunar da wasunsu a Ayvalik da tsibirin Junda da ke kusa, inda aka shafe shekaru ana jin Girkancin Kirit a cikin gidajensu. Lalle wannan ma'auni ya sauƙaƙa wa hukuma aiki, amma ya mayar da dubban mutane baƙi a wuraren da aka kira ƙasashen iyayensu.

Sunayen unguwanni su ma suna riƙe da labarin. A birnin Atens akwai unguwar Neya Simirni, wato Sabuwar Simirna, domin waɗanda suka kafa ta daga Simirna suka fito, garin da yau ake kira Izmir. A kudu maso yammacin Turkiyya kuma, kusa da Fetiye, ƙauyen Kayakoy ya zama kufai. Ɗaruruwan gidajen dutse suna jere a gefen tsauni ba rufi ba ƙofa, domin Musulmin da aka kawo ba su zauna cikinsu ba, girgizar ƙasa ta 1957 kuma ta ƙara rusa abin da ya saura.