Alfadarin Hatsi: Halayyar Kuromosom a Barbarar Alkama da Rayi

1.0 Gabatarwa

Burodin da masu shayi ke yankawa a unguwannin Hausawa na Agege, a Ikko, da fulawar alkama ake yin sa. Wasu nau'o'in alkama kuwa na ɗauke da gadon wani hatsi na ƙasashen sanyi wanda Bahaushe bai san shi ba, balle ya raɗa masa suna. A wannan maƙala an kira shi "rayi", domin rubuta shi "rai" zai ci karo da kalmar da harshen ke da ita tuntuni.

2.0 Inda Gizo ke Saƙar

Kuromosom wasu zarurruka ne masu ɗauke da gado a cikin ƙwayar halitta. Alkamar burodi na da 42, rayi na da 14. In aka yi musu barbara kowanne rabi yake bayarwa, wato 21 da 7, sai tsiron ya tashi da 28. Girmansa ba ya samun cikas, domin a rabewar yau da kullum kowane zare kwafin kansa yake yi. Sai an zo fure ake yin wata rabewar ta daban, wadda za a iya kira "rabewar ragi". A nan dole kowane zare ya nemi takwaransa su jeru biyu-biyu, kafin ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma. A wannan tsiro babu mai takwara. Ko da yake zarurrukan alkamar 21 rukuni uku ne masu dangantaka, ƙwayar gado Ph1 da ke kan zare 5B, wadda Riley da Chapman suka bayyana a 1958, tana hana su haɗuwa da wanda ba takwara na haƙiƙa ba. Saboda haka sai su watse barkatai, zangarniya ta fito ba tsaba. Abin da ke samun alfadari ke nan: doki 64, jaki 62, shi kuwa 63.

Irin wannan bakararen tsiro Wilson ya samu a Sikotilan a 1875. A 1888 Rimpau ya dace da mai haihuwa a Jamus, domin zarurrukan sun ninka da kansu zuwa 56, kowanne ya sami abokin tafiya. Daga 1937 aka gano cewa sinadarin kolcisin na haddasa wannan ninki da gangan. Sabon hatsin shi ne tiritikale, amma wanda aka fi nomawa mai 42 ne, daga alkamar taliya mai 28.

Wani lokaci zaren da ya rasa takwara yakan karye a ƙugu, guntunsa ya manne da na wani. Akwai alkamar da ɗan gajeren hannun 1R na rayi ya maye gurbin na 1B a cikinta, kamar jerin Veery na cibiyar CIMMYT ta Meziko. Manoma sun karɓe ta saboda yabanya da jure cutar tsatsa. Masu gidan burodi kuwa sukan koka cewa kwaɓinta na yin danƙo a hannu.